Tarihin gwagwarmayar siyasa ta ɗaliban jami'o'in Amurka

Ranar 30 ga Afrilun 1968, 'yan sandan birnin New York suka kutsa cikin Jami'ar Columbia, suka fitar da ɗaliban da suka mamaye gine-gine biyar, suka kama mutum fiye da 700. Ɗaya daga cikin gine-ginen shi ne wanda ake kira Hamilton Hall. Bayan shekara 56 cif, ranar 30 ga Afrilun 2024, 'yan sandan birnin suka sake shiga wannan gini domin fitar da masu zanga-zanga. A karon farko yaƙin Biyetnam da wariyar launin fata ne suka tayar da ɗaliban. A karo na biyu kuwa yaƙin Zirin Gaza ne.

Boren ɗalibai a Amurka ya girmi ƙasar kanta, kuma duk da cewa batutuwan suna sauyawa daga zamani zuwa zamani, hanyoyin da ake bi ba su sauya sosai ba: ƙaurace wa darussa, zaman dirshan, mamaye ofisoshi, da matsa wa jami'a lamba ta janye kuɗinta daga wata harka. Tarihin ya nuna cewa ɗalibai sun fi samun biyan buƙata idan abin da suke nema a fayyace yake, yana hannun hukumar da suke fuskanta, kuma suna da abokan tafiya a wajen makaranta. Idan suka tunkari manufofin ƙasa kai tsaye, kamar batun yaƙi, sakamako kan yi jinkiri, martanin da ke biyo baya kuma kan yi tsanani.

Abin da ya sa jami'a ta zama fagen siyasa

Amurka na da jami'o'i da kwalejoji kusan 4,000, waɗansu na gwamnatocin jihohi, waɗansu masu zaman kansu. Abubuwa uku ne suka sa harabar jami'a ta zama wurin da ake gwabza siyasa. Na farko, manyan jami'o'i suna da asusun jari, wani irin waƙafi da ake tarawa daga gudummawar attajirai da tsoffin ɗalibai, a zuba shi a hannayen jarin kamfanoni. Na Jami'ar Harvard kaɗai ya haura dala biliyan 50. Saboda haka ɗalibi kan iya tambayar inda kuɗin makarantarsa ke aiki. Na biyu, tun daga Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin tarayya ke zuba maƙudan kuɗi a binciken kimiyya na jami'o'i, ciki har da na harkar tsaro, abin da ya ɗaure jami'o'in da manufofin gwamnati. Na uku, gyara na farko ga kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati tauye 'yancin faɗin albarkacin baki da na taro. Wannan kariya ta shafi jami'o'in gwamnati kai tsaye, amma masu zaman kansu suna bin ƙa'idojin da suka tsara wa kansu ne.

Daga man shanu zuwa batun bauta

Boren da aka fi ambata a matsayin na farko ya faru ne a Harvard a 1766, shekara goma kafin Amurka ta ayyana 'yancin kai daga Ingila. Ɗalibai suka koka a kan lalataccen man shanu da ake ba su, suka ƙaurace wa ɗakin cin abinci. Yawancin tarzomar wancan zamani irin wannan ce, ta abinci da tsaurin horo.

Siyasar ƙasa ta shigo ne ta ƙofar batun bauta. A 1834, ɗaliban makarantar horar da limaman Kirista ta Lane da ke Cincinnati, jihar Ohayo, suka shafe dare 18 suna muhawara a kan bautar da baƙaƙen fata, ƙarƙashin jagorancin Theodore Weld. Suka tsaya a kan cewa a soke bauta nan take. Majalisar amintattun makarantar ta haramta ƙungiyarsu, sai da yawa daga cikinsu suka bar makarantar, suka koma Kwalejin Oberlin, wadda a 1835 ta amince za ta riƙa ɗaukar ɗalibai ba tare da duba launin fata ba.

A farkon ƙarni na 20 aka fara samun ƙungiyoyin da suka haɗa jami'o'i da dama. A 1905 marubuci Upton Sinclair da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayin gurguzu. A Jami'ar Fisk ta baƙaƙen fata da ke Nashville kuwa, ɗalibai suka shiga yajin karatu a 1925 domin adawa da shugaban jami'ar, Fayette McKenzie, farar fata da ya rufe jaridar ɗalibai ya kuma kira musu 'yan sanda. Masani W.E.B. Du Bois, tsohon ɗalibin makarantar, ya mara musu baya, kuma a cikin shekarar McKenzie ya ajiye aiki.

Shekarun 1930 da shirun da ya biyo baya

Karyewar tattalin arziki da ta faro a 1929 ta haifar da gagarumin yunƙurin ɗalibai na farko da ya game ƙasar. Matasan da suka ga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya suna tsoron a sake jefa su cikin wani. Daga Afrilun 1934 suka riƙa fita daga azuzuwa na tsawon awa ɗaya a kowace shekara, suna rantsuwar cewa ba za su goyi bayan gwamnati a wani yaƙi ba. Masu shirya gangamin sun ce a 1936 kusan ɗalibai rabin miliyan ne suka fito. Sai dai yunƙurin ya tarwatse bayan yarjejeniyar da Hitler da Stalin suka ƙulla a 1939, wadda ta raba kan shugabanninsa, kana harin da Japan ta kai Pearl Harbor a Disambar 1941 ya rufe babin.

Bayan yaƙin, wata doka ta 1944 ta biya wa miliyoyin tsoffin sojoji kuɗin karatu, jami'o'i suka cika maƙil. Amma zamanin farautar 'yan kwaminisanci da sunan Sanata Joseph McCarthy ya shahara da shi ya sa kowa ya kama bakinsa. A Jami'ar Kalifoniya an kori malamai 31 a 1950 saboda sun ƙi sa hannu a takardar rantsuwar biyayya. Ɗalibin da ya shiga ƙungiyar siyasa a lokacin yana iya rasa aikin gwamnati har ƙarshen rayuwarsa.

Zaman dirshan na Greensboro

Ranar 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na Kwalejin Noma da Fasaha ta jihar North Carolina, wato Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro. Suka yi 'yar sayayya, sannan suka zauna a teburin cin abincin da aka keɓe wa fararen fata, suka nemi a kawo musu kofi. Aka ƙi, su kuma suka ƙi tashi har aka rufe kantin. Washegari suka dawo da ƙarin abokai, kafin mako ya ƙare sun kai ɗaruruwa, cikin wata biyu kuma salon ya bazu zuwa garuruwa fiye da 50 na kudancin ƙasar.

A Nashville, ɗalibai irin su Diane Nash da John Lewis sun riga sun shafe watanni suna samun horo daga James Lawson a kan yadda mutum zai jure zagi da duka ba tare da ramawa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayensu kuma suka daina sayayya a kantunan tsakiyar gari. Da ciniki ya tsaya, 'yan kasuwa suka sassauto: a watan Mayun 1960 aka buɗe teburan Nashville ga kowa, na Greensboro kuma a watan Yuli.

A Afrilun wannan shekara, 'yar gwagwarmaya Ella Baker ta tara shugabannin ɗaliban a Jami'ar Shaw, inda aka kafa ƙungiyar da aka fi sani da SNCC. 'Ya'yanta ne suka ci gaba da tafiye-tafiyen bas na 1961 domin karya wariya a tashoshin mota bayan an ƙona wata bas a Alabama, su ne kuma suka shiga ƙauyukan Mississippi suna yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe. A bazarar 1964 ɗaruruwan ɗalibai daga arewacin ƙasar, yawancinsu fararen fata, suka je taya su. Ranar 21 ga Yuni 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, da haɗin bakin wani mataimakin shugaban 'yan sandan yankin, suka kashe matasa uku: James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner. Wannan fafutuka, haɗe da ta majami'u da ta Martin Luther King, ita ta kai ga Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 da Dokar 'Yancin Zaɓe ta 1965.

Matasan sun riƙa kallon Afirka, inda ƙasashe 17, ciki har da Najeriya da Nijar, suka sami 'yancin kai a 1960. Tawagar SNCC ta ziyarci ƙasar Gini a 1964. Stokely Carmichael, wanda ya zama shugaban ƙungiyar a 1966, daga baya ya koma Konakiri da zama, ya sauya suna zuwa Kwame Ture domin girmama Kwame Nkrumah da Sekou Toure, a can kuma ya rasu a 1998.

Zaman dirshan ya kuma sauya matsayin ɗalibi a gaban doka. Kafin lokacin, ana ɗaukar jami'a a matsayin uba, tana iya korar ɗalibi ba tare da bayani ba. Bayan Kwalejin jihar Alabama ta kori ɗaliban da suka shiga zanga-zanga, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a 1961 cewa makarantar gwamnati ba za ta kori ɗalibi ba sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma saurare shi.

Berkeley da 'yancin magana

A Satumbar 1964, hukumar Jami'ar Kalifoniya reshen Berkeley ta hana ɗalibai kafa teburan yaɗa manufofin siyasa da tara gudummawa a bakin ƙofar makarantar. Ranar 1 ga Oktoba aka kama wani tsohon ɗalibi, Jack Weinberg, a kan karya dokar. Ɗalibai suka zagaye motar 'yan sandan da aka sa shi a ciki, suka hana ta motsi har awa 32, suna hawa rufinta suna jawabi. A nan Mario Savio, wanda bai daɗe da dawowa daga Mississippi ba, ya fito a matsayin jagora. A farkon Disamba suka mamaye ginin gudanarwa na Sproul Hall, aka kama kusan mutum 800. Ranar 8 ga watan majalisar malaman jami'ar ta kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye ta goyi bayan ɗaliban, kuma daga nan aka sassauta dokar. Buƙata ɗaya ce tak, tana hannun jami'a, kuma a farkon tafiyar har ƙungiyoyin ɗalibai masu ra'ayin riƙau sun sa hannu, domin su ma dokar ta shafe su.

Yaƙin Biyetnam

Ƙungiyar da ta ja ragamar fararen ɗalibai masu neman sauyi ita ce SDS, wadda ta fitar da sanarwar manufofinta a Port Huron a 1962, akasari da alƙalamin Tom Hayden. Da Shugaba Lyndon Johnson ya tura sojojin ƙasa Biyetnam a Maris na 1965, malamai da ɗaliban Jami'ar Michigan suka kwana suna lacca da muhawara a kan yaƙin, salon da sauran jami'o'i suka ara. A Afrilu SDS ta shirya gangamin farko mai girma a birnin Washington.

Abin da ya sa yaƙin ya taɓa kowane gida shi ne dokar shiga soja ta dole. Da farko ana ɗage wa ɗalibin jami'a har ya kammala, don haka nauyin ya fi faɗawa kan 'ya'yan talakawa. Da aka fara tsuke wannan rangwame, aka kuma fara zaɓe ta hanyar ƙuri'a a Disambar 1969, sai batun ya zama na rai da mutuwa ga ɗaliban kansu. Suka riƙa ƙona katunan kiran soja, suna tare wakilan kamfanin Dow mai haɗa sinadarin napalm idan sun zo ɗaukar ma'aikata. A Columbia a 1968 buƙatu biyu ne a gaba: jami'ar ta yanke hulɗa da wata cibiyar binciken tsaro, ta kuma fasa gina ɗakin motsa jiki a filin shaƙatawar da ke maƙwabtaka da unguwar baƙaƙen fata ta Harlem. Duka biyun an biya su, shugaban jami'ar Grayson Kirk kuma ya sauka. A Kwalejin jihar San Francisco, yajin karatu na wata biyar daga Nuwambar 1968, mafi tsawo a tarihin ƙasar, ya haifar da tsangayar nazarin tarihi da al'adun baƙaƙen fata da sauran tsiraru.

An kuma zubar da jini. Ranar 8 ga Fabrairun 1968, 'yan sandan jihar South Carolina suka buɗe wuta a kan ɗalibai baƙaƙen fata a Orangeburg, suka kashe uku, suka raunata fiye da 20, a rikicin da ya samo asali daga wani gidan wasa da ya hana baƙar fata shiga. Kotu ta wanke 'yan sandan. Mutum ɗaya da aka ɗaure shi ne ɗan gwagwarmaya Cleveland Sellers. Ranar 30 ga Afrilun 1970 Shugaba Richard Nixon ya sanar da faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya. Bayan kwana huɗu, dakarun tsaron jihar Ohayo suka yi harbi 67 cikin daƙiƙa 13 a Jami'ar Kent State, suka kashe ɗalibai huɗu, suka raunata tara. Biyu daga cikin mamatan ba sa ma cikin zanga-zangar, hanyar aji suke. Kwana 11 bayan haka 'yan sanda suka kashe matasa biyu a Kwalejin Jackson State ta baƙaƙen fata a Mississippi. Miliyoyin ɗalibai suka ƙaurace wa darussa, ɗaruruwan makarantu suka rufe. Kwamitin da Nixon ya kafa ya ce harbin Kent State ba shi da hujja, amma ba a hukunta soja ko ɗaya ba.

A ɓangaren ɗaliban ma an sami masu wuce gona da iri. SDS ta dare a 1969, wani reshe nata ya koma dasa bama-bamai. A Agustan 1970 waɗansu masu adawa da yaƙin suka tayar da bam a wani gini na Jami'ar Wisconsin mai ɗauke da cibiyar binciken soja, ya kashe wani mai bincike, Robert Fassnacht, wanda ba ruwansa da aikin sojan. Lamarin ya rage wa yunƙurin farin jini ƙwarai.

Yaƙin bai ƙare ga Amurka ba sai a 1973, bayan ta rasa sojoji fiye da 58,000. Masana tarihi na ci gaba da saɓani a kan ko zanga-zanga ta gaggauta ƙarshensa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, a 1971 an rage shekarun kaɗa ƙuri'a daga 21 zuwa 18, a 1973 kuma aka daina ɗaukar soja ta dole.

Masu ra'ayin riƙau da martanin jama'a

Ba masu neman sauyi kaɗai ke da tarihi a harabar jami'a ba. A Satumbar 1960 aka kafa ƙungiyar matasa masu ra'ayin riƙau da aka fi sani da YAF a gidan marubuci William F. Buckley a jihar Connecticut. Ta yi aiki tuƙuru wajen tsayar da Barry Goldwater takarar shugaban ƙasa a 1964, ta kuma horar da da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe jam'iyyar Republican daga baya.

'Yan siyasa sun gano cewa fushin jama'a da ɗalibai jari ne. Ronald Reagan ya ci zaɓen gwamnan Kalifoniya a 1966 da alƙawarin gyara abin da ya kira ɓarnar Berkeley, kuma makonni kaɗan bayan hawansa aka sallami shugaban jami'ar, Clark Kerr. Bayan harbin Kent State, wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna yawancin waɗanda aka tambaya ɗaliban suka ɗora wa laifi, a New York kuma ma'aikatan gini suka far wa masu zanga-zanga da duka. A 1972 Nixon ya lashe jihohi 49 cikin 50. A wannan ƙarni ƙungiyar Turning Point USA, wadda Charlie Kirk ya kafa a 2012, ita ta gaji wannan fage. An harbe Kirk har lahira ranar 10 ga Satumbar 2025 yana tsaka da muhawara da ɗalibai a wata jami'a a jihar Utah.

Janye jari: Afirka ta Kudu da Darfur

Bayan kisan ɗalibai a Soweto a 1976, ɗaliban Amurka suka juya kan asusun jarin makarantunsu, suna neman a sayar da hannayen jarin kamfanonin da ke hulɗa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ƙaramar Kwalejin Hampshire ce ta fara amsawa a 1977. A Afrilun 1985 ɗaliban Columbia suka toshe ƙofar Hamilton Hall na tsawon mako uku, suka raɗa masa sunan Mandela, a watan Oktoba kuma amintattun jami'ar suka amince da janye jari. A makarantu da dama an gina bukkokin kwano da katako a tsakar harabar domin nuna irin matsugunan da aka tilasta wa baƙaƙen fata, a Dartmouth kuwa ɗalibai masu ra'ayin riƙau suka rushe su da guduma a Janairun 1986. A Yulin shekarar Jami'ar Kalifoniya ta yanke shawarar janye kimanin dala biliyan 3. A Oktoba Majalisar Dokokin Amurka ta ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi duk da Shugaba Reagan ya hau kujerar naƙi. Zuwa 1988 makarantu fiye da 150 sun janye jarinsu, ko duka ko wani ɓangare.

Masana tattalin arziki da dama na ganin sayar da hannayen jarin bai girgiza kamfanonin sosai ba, kuma ƙin sabunta basussuka da bankuna suka yi a 1985 ya fi yi wa gwamnatin Pretoria illa. Tasirin ɗaliban ya fi fitowa wajen mayar da hulɗa da gwamnatin wariya abin kunya. Nelson Mandela da kansa ya je Oakland a Yunin 1990, watanni kaɗan bayan sakinsa, ya yi godiya ga masu fafutukar yankin.

An sake ɗaukar wannan makami a kan rikicin Darfur na Sudan: a Afrilun 2005 Harvard ta sayar da hannun jarinta a kamfanin mai na PetroChina, wasu jami'o'i suka bi sahu. Haka kuma, bayan kusan shekara goma ana matsa mata lamba a kan sauyin yanayi, Harvard ta sanar a 2021 cewa za ta daina zuba jari a kamfanonin man fetur da kwal.

Fafutukar cikin gida

Nasarori mafi sauri su ne waɗanda suka tsaya a cikin harabar makaranta. A Maris na 1988, amintattun Jami'ar Gallaudet ta kurame da ke Washington suka naɗa shugaba mai ji da kunne, alhali akwai kurame cikin 'yan takara. Ɗalibai suka rufe ƙofofin jami'ar, suka gabatar da buƙatu huɗu, cikin mako ɗaya aka biya su duka, I. King Jordan ya zama kurma na farko da ya shugabanci makarantar. A Jami'ar Missouri a Nuwambar 2015, wani ɗalibi ya shiga yajin cin abinci a kan yadda hukuma ta yi sakaci da ƙorafe-ƙorafen wariyar launin fata. Da 'yan wasan ƙwallon jami'ar suka ce ba za su buga wasa ba, abin da zai jawo tarar dala miliyan ɗaya, shugaban jami'ar Tim Wolfe ya yi murabus cikin kwana biyu.

Gaza da abin da ya biyo baya

Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar a Gaza, zanga-zanga ta ɓarke a jami'o'i. Wani zaman sauraren bahasi a Majalisar Wakilai a Disamba kan ƙyamar Yahudawa ya yi sanadin saukar shugabar Jami'ar Pennsylvania, ta Harvard kuma ta bi bayanta a Janairu, ga kuma zargin satar fasaha a rubuce-rubucenta. Ranar 17 ga Afrilun 2024 ɗaliban Columbia suka kafa tantuna, suna neman jami'ar ta bayyana inda jarinta yake, ta janye shi daga kamfanonin da ke da alaƙa da Isra'ila. Washegari aka kama fiye da 100, abin da ya sa tantuna suka bazu zuwa sauran jami'o'i. Waɗanda suka mamaye Hamilton Hall sun raɗa masa sunan Hind Rajab, ƙaramar yarinya Bafalasɗiniya da aka kashe a Gaza. Kafin ƙarshen zangon an kama mutum fiye da 3,000 a faɗin ƙasar. Ɗalibai Yahudawa da dama sun koka da tsangwama da barazana, yayin da waɗansu Yahudawan ke cikin tantunan.

Wannan karon janye jari bai samu ba a manyan makarantu. Jami'ar Brown ta yi alƙawarin kaɗa ƙuri'a, amma a Oktoba amintattunta suka ƙi amincewa. A 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta soke tallafin dala miliyan 400 na Columbia, ta dakatar da fiye da dala biliyan 2 na Harvard, tana dogaro da Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wadda ɗalibai suka ba da jininsu a kanta, bisa zargin jami'o'in sun kasa kare Yahudawa. Columbia ta sasanta da biyan dala miliyan 200, Harvard ta garzaya kotu.

Ɗalibai baƙi ne suka fi shiga haɗari. A Maris na 2025 jami'an shige da fice suka kama Mahmoud Khalil na Columbia duk da yana da izinin zama na dindindin, suka tsare shi fiye da wata uku. Haka aka kama Rumeysa Ozturk, 'yar Turkiyya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Tufts, wadda ta sa hannu a wata maƙala a jaridar ɗalibai. Kotuna ne suka ba da umarnin sakinsu, a Satumba kuma wani alƙalin tarayya a Boston ya yanke hukuncin cewa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da 'yancin magana kamar ɗan ƙasa. Tun daga Yunin 2025, ana buƙatar mai neman bizar karatu ya buɗe shafukansa na sada zumunta domin a bincika. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin ita ce ƙasar Afirka mafi yawan ɗalibai a Amurka, sama da 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024.

Abin da tarihin ya nuna

Ɗalibi ba shi da kuɗi ko muƙami; ƙarfinsa shi ne ya ƙi ba da haɗin kai har sai tsarin ya ji a jikinsa. A Greensboro da Nashville cinikin kanti ne ya tsaya, a Missouri kuɗin wasa ne ya shiga haɗari, a Berkeley malamai ne suka shiga faɗan, a batun Afirka ta Kudu kuwa majami'u da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan majalisa sun tafi tare da ɗaliban har tsawon shekara goma. Inda aka rasa irin wannan haɗin kai, ko aka ɗauki makami, abokan hamayya ne suka ci riba a akwatin zaɓe.

Hukuncin da ake yanke wa ɗaliban kuma kan sauya da tafiyar lokaci. Ginin kantin Woolworth na Greensboro ya zama gidan tarihi a 2010, wani ɓangare na teburin kuma yana ajiye a gidan tarihin ƙasa a Washington. Matakalar Sproul Hall tana ɗauke da sunan Mario Savio, John Lewis kuwa, wanda aka kama fiye da sau 40, ya shafe shekara 33 a Majalisar Wakilai kafin rasuwarsa a 2020. Batun Gaza bai kai wannan matsayi ba tukuna: shari'o'in da suka taso daga zanga-zangar 2024, musamman na ɗalibai baƙi, suna ci gaba da bin matakan kotuna.